Takardar Awon Jini da Abin da Lambobinta ke Nufi

Da wuya ranar kasuwa ta wuce ba wanda ya zo mini disfensare da 'yar takarda a ninke cikin aljihu, ko a ƙulle a bakin zane, ya ce daga babban asibiti aka ba shi, an ce jininsa ya yi ƙasa. In na tambaye shi ƙasa nawa, sai ya ce shi dai haka aka ce. Waɗansu sun tsorata har ba su iya barci. Waɗansu kuwa ko a jikinsu, takardar ta yi wata biyu a ƙarƙashin tabarma, alhali abin da ke rubuce cikinta na gaggawa ne. Don haka na ga ya kamata in bayyana wa jama'a yadda a ke karanta ta, domin maigida ya san lokacin da zai kwantar da hankalinsa, ya kuma san lokacin da zai bar garma a gona ya nemi mota.

Abin da ke cikin jini

Jini a ido kamar jan ruwa ne kawai, amma ba haka ya ke ba. In aka ɗiga shi a gilashi aka duba da madubin likita, sai a ga ruwa ne fatsi-fatsi, da waɗansu ƙwayoyi ƙanana suna yawo a ciki. Akwai farare, su ne dakarun da ke yaƙi da cuta. Akwai 'yan mitsi-mitsi masu sa jini ya daskare in an yanke. Sa'an nan akwai jajaye, su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, su ne kuma suka ba jini launinsa. Wani mutumin ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya duba su da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya bayyana kamanninsu tun a 1674.

Aikin jajayen ƙwayoyin nan dako ne. Su kan je huhu su ɗauki iskar da mu ke shaƙa, wadda a ke kira oksijin, su kai ta ko'ina cikin jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Abin da ke riƙe iskar a cikinsu wani jan sinadari ne mai suna himogulobin, kuma ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke samu daga abinci. A cikin ɓargon ƙashi a ke yin su. Kowace ƙwaya ta kan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta tsufa, saifa ta kawar da ita, ɓargo ya aiko da sabuwa. Wajen miliyan biyu ɓargo ke yi cikin kowace daƙiƙa, dare da rana.

Babban mutum yana da jini kamar lita biyar. Ɗan abin da a ke ɗiba don awo bai cika cokalin shayi ba, wani lokaci ma ɗigo ne daga kan yatsa. Masu cewa sun ƙi awo don kada a ƙarar musu da jini, su lura da wannan.

Lambobi uku

A takardar za ku ga haruffan boko uku a jere: RBC, da PCV, da Hb. Dukansu labarin jajayen ƙwayoyi su ke bayarwa, amma kowanne ta fuskarsa. Ku ɗauka ayarin jakuna ne ke kai taki gona. Wani ya ƙidaya jakunan. Wani ya dubi yawan filin da suka cika. Wani kuma ya auna takin da suka ɗauko. To, haka ne.

RBC shi ne ƙidayar ƙwayoyin kansu. A kan ƙidaya waɗanda ke cikin ɗan jinin da bai wuce kan allura ba, watau ɗigo ɗaya a raba shi kamar gida 50 a ɗauki ɗaya. A cikin wannan ɗan mitsitsin, namiji lafiyayye yana da ƙwaya miliyan 4 da rabi zuwa kusan miliyan 6. Mace tana da miliyan 4 zuwa 5 da 'yar ɗoriya. In kun ga an rubuta 4.8, miliyan huɗu da dubu ɗari takwas ke nan. Na'ura ce ke wannan ƙidaya, shi ya sa sai a manyan asibitoci a ke samunta.

PCV shi ne wanda aka fi yi a ƙasarmu, shi ne kuma za ku fi ji a bakin ma'aikata. A kan tsotsi jini cikin wani siririn gilashi kamar tsinke, a toshe gindinsa, a sa cikin injin da ke juya shi da ƙarfi har minti biyar. Jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan ya tashi sama, kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙwarya in ta kwana. Sai a auna: cikin kashi 100 na jinin, kashi nawa ne ja? Namiji ya kan samu 40 zuwa 50 ko ɗan sama. Mace 36 zuwa 46. Jama'a su kan ji an ce jinin wane 38 ne, sai su zaci cikin ɗari saura 38, watau ya kusa ƙarewa. A'a. Ba mai lafiyar da jininsa ke kai 100, ko 70 ma. Fiye da rabin jini ruwa ne, haka Allah ya yi shi, in ba haka ba ba zai gudana ba.

Hb kuwa awon himogulobin ne, watau nauyin jan sinadarin nan a giram cikin kashi ɗaya bisa goma na lita. Da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ke yanke hukuncin ƙarancin jini. Namiji babba, in ya gaza 13, jininsa ya yi ƙasa. Mace marar ciki, in ta gaza 12. Mai ciki, in ta gaza 11, amma a watanni uku na tsakiyar ciki 10.5 ne iyaka, bisa gyaran da hukumar ta yi a 2024. Yaro daga shekara biyu zuwa biyar, 11. Daga wata shida zuwa kafin cika shekara biyu, 10.5. Daga shekara biyar zuwa 11, iyakarsa 11.5.

Ga wata dabara mai sauƙi. In ka riɓanya Hb sau uku, za ka sami kusan PCV. Hb 11 ya yi daidai da PCV 33. Hb 10 kamar 30 ne, 7 kamar 21, 5 kuwa kamar 15. Kada a rikita su. Na taɓa ganin dattijo ya zo jikinsa na rawa, wai jininsa 14, alhali maƙwabcinsa da aka ce nasa 14 ne sai da aka yi masa ƙarin jini. Da na duba, nasa Hb ne, lafiya lau. Na maƙwabcin PCV ne. Lamba ɗaya, amma ɗaya ya koma gona, ɗaya yana kwance.

Kowane ɗakin awo ya kan buga nasa ma'aunin a gefen lambarka, ya kan kuma ɗan bambanta da na wani wuri. Wanda ke kan takardarka shi za ka bi.

Yaushe ne abin ya zama na gaggawa

Ƙarancin jini hawa-hawa ne. Matar da Hb ɗinta ke 11.5 tana bukatar gyaran abinci da magani, amma ba abin tashin hankali ba ne. In ya gaza 8 ga babba ko yaron da ya wuce shekara biyar, ko ya gaza 7 ga mai ciki da ƙaramin yaro, to ya yi tsanani, wajibi ne likita ya gani a ranar. Yaron da ke zazzaɓi, PCV ɗinsa ya faɗo 15 ko ƙasa, ba a kwana da shi a gida. Irin wannan sau da yawa sai an yi masa ƙarin jini.

Amma takarda ba ta fi mutum ba. Ku ja fatar idon yaro ta ƙasa ku duba cikinta, ku dubi tafin hannunsa da harshensa da farcensa. In wurin da ya kamata ya yi ja ya koma fari fat, yaron yana numfashi da sauri, ya ƙi nono ko abinci, ya yi laushi, kada ku tsaya neman wanda zai karanta muku lamba. Ga babba kuwa alamun su ne kasala, da jiri in ya miƙe, da haki in ya yi 'yar tafiya, da bugun zuciya, wani lokaci da kumburin ƙafa. Mata masu ciki su kan ji sha'awar cin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara. Wannan ma alama ce ta rashin sinadarin ƙarfe, a gaya wa malamar awo.

Dalilin hakin nan shi ne, in 'yan dako sun yi kaɗan, sai zuciya ta riƙa korarsu da sauri don su yi sawu da yawa. In abin ya daɗe, zuciya ta gaji.

Inda lamba ke ruɗin mutum

Nan ne na fi so a kula, domin nan ne ko mu ma'aikata mu kan yi kuskure in mun yi garaje.

Wata shekara da bazara aka kawo wani yaro mai gudawa da amai, kwana biyu. An auna shi, PCV 36. Uban ya yi murna, ya ce ai jini ya cika. Amma idon yaron ya faɗa, bakinsa a bushe. Da aka ba shi ruwan gishiri da sukari, aka yi masa ƙarin ruwa, aka sake awo bayan kwana biyu, sai ga 27. Ba magani ne ya shanye jinin ba, kamar yadda kakarsa ta zarga. Dama can jinin kaɗan ne, rashin ruwa ne ya ɓoye. In kunu ya daɗe a wuta ya kan yi kauri, ba don an ƙara gari ba, sai don ruwan ya ƙone. Don haka lambar da aka samu a jikin mai gudawa, ko wanda ya wuni a rana bai sha ruwa ba, ta kan fi gaskiyarta yawa.

Mai ciki kuwa akasin haka ne. Jikinta ya kan ƙara ƙwayoyi, amma ya kan ƙara ruwa fiye da haka, kamar furar da aka sake dama wa ruwa don baƙi sun ƙaru. Shi ya sa aka sassauta mata ma'auni. PCV 34 ga mai ciki ba laifi. Amma kada a fake da wannan a ce duk mai ciki dama haka ta ke. In ya gaza 33 a nemi dalili, in ya gaza 30 a tashi tsaye.

Wanda ya zubar da jini mai yawa yanzu-yanzu, ko a hatsarin mota ko wajen haihuwa, in aka auna shi nan take lambar ta kan fito kamar ba kome, domin ƙwaya da ruwa tare suka zube. Sai bayan sa'o'i ta ke faɗuwa. Matar da ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ba a cewa ai an auna an ga lafiya. A kai ta.

Jariri sabon haihuwa lambarsa ta fi ta babba, sa'an nan ta sauka cikin wata biyu zuwa uku, ba cuta ba ne. Mazauna kan tudu, kamar Jos da Mambila, nasu ya kan ɗan ɗara na mazauna kwari, domin iska a sama ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, sai jiki ya ƙara 'yan dako. Mai shan taba ma nasa ya kan hau, amma wannan ba abin alfahari ba ne, hayaƙin ne ke lalata aikin waɗansu ƙwayoyin. Wanda lambarsa ta yi yawa ƙwarai ba da ɗaya daga cikin dalilan nan ba, sai likita ya duba huhunsa da zuciyarsa da ɓargonsa, don jini mai kauri ya kan toshe jijiya.

Akwai kuma wani ruɗanin da sunaye suka jawo. Hawan jini ba yawan jini ba ne. Hawan jini ƙarfin bugun jini ne a jikin jijiya, da abin ɗaurawa a damtse a ke auna shi. Mutum ɗaya ya kan iya samun hawan jini da ƙarancin jini tare, musamman mai ciwon ƙoda, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo umurnin ƙara ƙwayoyi. Na ga masu zuwa wurin wanzami a yi musu ƙaho don a rage jini wai ya hau. Hawan bai sauka ba, jinin kuwa ya tafi.

Lamba ta ce ya yi ƙasa, me ya jawo?

Takarda ta kan faɗi cewa rumbu ya ragu, ba ta faɗin ko gara ce ko ɓarawo ko kuwa dama ba a zuba da yawa ba. Wannan sai da bincike. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 68 suna da ƙarancin jini, cikin mata 100 masu shekarun haihuwa kuma 58. Abin ya fi a ɗauke shi kamar ƙaddarar gida ɗaya.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban ɓarawo a karkara. Ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyi ta ke shiga ta hayayyafa, ta fasa su ta fito ta shiga waɗansu. Shi ya sa daga tsakiyar damina zuwa kaka mu ke ganin yara fari fat. Gidan sauro mai magani, da maganin rigakafin da a ke bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar kowane wata da damina, da yin gwaji da shan magani tun ranar da zazzaɓi ya fara, su ne ke tsare jinin yaro fiye da kowane abin sha na kwalba.

Sai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa. Ƙwanta cikin bayan gida ya ke fita, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, ta huda fatar mai tafiya ba takalmi, ta je hanji ta maƙale tana shan jini kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Manomin fadama da ya zo da PCV 24 ba zazzaɓi ba kome, ita na ke fara zargi, sai a auna bayan gidansa. Maganinta ƙwaya ce mai araha, amma in ba a haƙa salga aka sa takalmi ba, za ta dawo. Tsargiya ma haka, yaran da ke wanka a kududdufi da madatsar ruwa suna fitsarin jini. Waɗansu iyaye su kan ɗauke shi alamar balaga. Cuta ce, tana da magani, shi ne wanda a kan raba wa 'yan makaranta gwargwadon tsawonsu.

Ga mata, jinin al'ada mai yawa, da haihuwa kusa-kusa ba hutu. Ga manya, basir mai jini da gyambon ciki. Dattijon da jininsa ya yi ƙasa ba a san dalili ba, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta ba ya shan maganin ƙarin jini, lalle a bincika cikinsa, kada a tsaya ga ba shi ƙwaya.

A takardar da na'ura ta buga za ku ga MCV. Girman kowace ƙwaya ya ke nunawa, daidai shi ne 80 zuwa 100. In ya gaza 80, ƙwayoyin sun tsumbure, yawanci rashin sinadarin ƙarfe ne. A irin wannan hali RBC ya kan iya fitowa kusan daidai, Hb kuwa ƙasa: jakuna sun cika, amma mangalarsu ƙanana ce. Shi ya sa ba a dogara ga ƙidaya kaɗai. In ya wuce 100, ƙwayoyin sun kumbura, sai a yi zargin rashin folik asid ko bitamin B12, ko yawan shan giya.

Mai cutar sikila nasa daban ne. Ƙwayoyinsa ba su kai kwana 120, cikin kwana 10 zuwa 20 su ke mutuwa, don haka Hb ɗinsa ya kan zauna tsakanin 6 da 9 ko yana cikin lafiyarsa. Abin da ya kamata iyayensa su sani shi ne lambar da ya saba zama a kai, su rubuta ta. In ta faɗi ƙasa da yadda ta saba, a kai shi asibiti. Kada kuma a ba shi maganin ƙarfe sai likita ya ce, domin shi ba ƙarfe ya rasa ba.

Magani da abinci

Wata mata ta zo da ciki wata bakwai, ba ta taɓa awo ba, PCV 22. Na ce wa mijin a kai ta babban asibiti gobe da safe. Sai bayan mako biyu na gan shi a kasuwa, ya ce ai ya saya mata lemon malt da madarar gwangwani, kullum tana sha, ga zoɓo. Kuɗin da ya kashe ya fi kuɗin mota da magani. Na ce masa, Malam, madara abinci ce mai kyau, amma ƙarfen cikinta kaɗan ne ƙwarai, jan zoɓo kuma ba jan jini ba ne. Allah ya sa ya ji. Aka sami zazzaɓi a jininta aka yi magani, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, ta kai 30 kafin haihuwa. Da ta shiga naƙuda da 22, zubar jinin da wata za ta jure ta tashi, ita zai iya tafiya da ita.

Mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe da folik asid kullum tun farkon awo, da maganin rigakafin zazzaɓi da a ke bayarwa wata-wata bayan ciki ya wuce wata uku. Ƙwayar ƙarfe ta kan sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci da tashin zuciya ko taurin ciki. Kada a bari saboda haka, a sha bayan abinci. Kada a kora ta da shayi, don shayi yana hana ƙarfe shiga jiki. Lemo ko gwaiba su ke taimaka masa. Jini ba ya hawa dare ɗaya. Bayan wata guda a sake awo, in magani na ci za a ga Hb ya ƙaru da 1 ko 2. In bai motsa ba, ko ba a shan maganin, ko akwai inda jini ke yoyo. Ko lamba ta koma daidai, a kan ci gaba har wata uku don a cika ajiyar jiki. A ɓoye ƙwayoyin nan inda yara ba su kai, domin yaro in ya haɗiye su da yawa za su iya kashe shi.

A abinci kuwa hanta ce gaba, sai nama da kifi. Wake, da daddawa, da zogale, da alayyafo, da miyar kuka, da gero duk suna da rabonsu, kuma ɗan nama ko kifi a cikin miya ya kan sa jiki ya fi cin moriyar ganyen. Maigida ya duba wa ke samun tsokar da ke cikin tukunya. In kullum kwanonsa ta ke tafiya, mai ciki da yaron da aka yaye suna shan romo, to a juya. Yaro daga wata shida ajiyar ƙarfen da aka haife shi da ita ta fara ƙarewa, koko zalla ba zai riƙe shi ba, a riƙa haɗa masa da garin wake ko gyaɗa ko ƙwai, ana kuma ci gaba da nono.

In likita ya ce sai an yi ƙarin jini, kada 'yan'uwa su watse. Abin da a ke ɗiba wajen mai bayarwa bai kai rabin lita ba, sai an auna an ga nasa ya isa kafin a ɗiba, ruwan ya kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. A kan gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere kafin a sa wa majinyaci.

Takardar awo kuwa kada a yar da ita, kada a ƙunshe ƙosai a ciki. A sa ta cikin leda tare da katin asibiti, a zo da ita duk ranar da za a dawo. Mai PCV 28 wanda watan jiya ya ke 22 yana warkewa. Mai 28 wanda watan jiya ya ke 36, wani abu na cinsa, kuma ba yadda zan bambance su in ba ku kawo mini tsohuwar takardar ba.